Kifin da Ya Haɗiye Bazara: Tarihin Rigimar Manyan Finafinai da Ƙanana a Amurka

Ranar 20 ga Yuni 1975 kamfanin Universal ya saki fim mai suna Jaws a gidajen sinima sama da 400 lokaci guda a Amurka. Labarin ba shi da wani sarƙaƙiya: wani ƙaton kifin shak ne ya addabi wani ƙaramin gari na bakin teku, mutum uku suka shiga jirgin ruwa suka tafi farautarsa. Daraktan, Steven Spielberg, yana da shekara 28 kacal. Aikin ɗaukar da aka tsara zai ƙare cikin kwana 55 ya kai kwana 159, kuɗin da aka kashe ya kai dala miliyan 9, kifin ƙarfen da aka ƙera kuwa ruwan gishiri ya yi ta lalata shi, har ta kai Spielberg ya rinƙa ɓoye shi yana barin kiɗan John Williams ya tsorata 'yan kallo a madadinsa. Kafin shekarar ta ƙare, fim ɗin ya tara kuɗin da babu wanda ya taɓa tarawa a tarihin Hollywood zuwa lokacin.

Tun daga nan, duk shekara idan watan Mayu ya kama sai tsohuwar muhawara ta dawo. Wani ɓangare na cewa manyan finafinan bazara sun kashe sinima, sun mayar da ita wasan yara mai ƙarar fashe-fashe. Ɗaya ɓangaren na cewa masu wannan kuka 'yan girman kai ne da ke jin haushin abin da talakawa ke so. A ganina duka biyun sun fi mayar da hankali kan ɗanɗano, alhali kuwa tarihin ya nuna cewa jigon rigimar shi ne: wa ke riƙe da allon da ake haska fim, kuma kwana nawa ake ba fim kafin a yanke masa hukunci.

Sai mun koma baya kafin Jaws. Zuwa shekarun 1940, manyan kamfanoni biyar, wato Paramount, MGM, Warner Bros., 20th Century Fox da RKO, su ke shirya fim, su ke rarraba shi, kuma su ke da mafi kyawun gidajen sinima a manyan birane. Mai ƙaramin gidan sinima da ke son fim ɗin wani tauraro sai an haɗa masa da wasu finafinan da bai ko gani ba, ya saya a dunƙule, kamar mai sayen buhun da ba a yarda ya kwance bakinsa ba. Wanda ya shirya fim da kuɗinsa a wajen wannan da'ira, da ƙyar ya sami inda zai haska. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da aka fi sani da shari'ar Paramount, ta haramta sayarwa a dunƙule, daga bisani kuma aka raba kamfanonin da gidajen sinimarsu. A kan wannan hukunci ne duk wani abin da ake kira fim mai zaman kansa a Amurka ya sami wurin tsayawa.

Hukuncin ya zo daidai da yaɗuwar talabijin. Cikin shekara goma bayan 1946 yawan masu zuwa sinima ya ragu da kusan rabi. Kamfanonin suka mayar da martani da finafinai masu ɗimbin tsada, wasu suka ci riba, wasu suka janyo masifa. Cleopatra na 1963 ya kusa durƙusar da Fox. Da tsofaffin shugabanni suka rasa gane abin da matasa ke so, sai suka buɗe ƙofa ga sababbin daraktoci. Bonnie and Clyde ya fito a 1967. Easy Rider na 1969, wanda bai ci dala rabin miliyan ba, ya dawo da miliyoyi masu yawa. Francis Ford Coppola da Martin Scorsese da Robert Altman duk a wannan tsakani suka yi suna. Masu kukan yau, idan suna zancen zamanin da sinima ke da daraja, waɗannan shekaru goma suke nufi. Abin da kan kuɓuce musu shi ne cewa ruɗewar masu kuɗi ce ta haifar da wannan 'yanci, kuma ruɗewa ba ta daɗewa.

A wancan zamani fim mai kima a hankali ake fitar da shi. Za a fara da gida ɗaya ko biyu a New York da Los Angeles, masu sharhi su rubuta, wanda ya gani ya gaya wa wanda bai gani ba, sannan a yi ta faɗaɗawa gari bayan gari tsawon watanni. Sakin fim ko'ina lokaci guda kuwa dabara ce da aka fi yi wa raunanan finafinai, don a kwashi kuɗi kafin labarin rashin kyansu ya bazu. Ita ma bazara ba a ɗauke ta lokacin manyan finafinai ba, duk da cewa tun 1925 aka saka na'urar sanyaya ɗaki a gidan sinima na Rivoli a New York kuma mutane na shiga don gudun zafi. Ƙarshen shekara, wajen Kirsimeti, shi ne lokaci mai martaba.

Abin da Universal ya yi shi ne ɗaukar dabarar raunanan finafinai ya yi amfani da ita a kan fim mai kyau. Ya zuba kusan dala 700,000 a tallan talabijin na ƙasa baki ɗaya cikin kwanakin da suka gabaci fitowar, ya zaɓi lokacin da makarantu ke hutu, matasa na da lokaci kuma suna iya komawa kallo sau biyu ko uku. Mai karatu da ya san yadda 'yan fim na Kano da na Indiya ke ajiye manyan finafinansu sai lokacin Sallah ba zai sha wahalar gane hikimar ba. Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan fim da ita, blockbuster, asalinta sunan manyan bama-bamai ne na Yaƙin Duniya na Biyu waɗanda aka ce suna iya rushe unguwa guda.

Shekara biyu bayan haka Star Wars ya fito, ranar 25 ga Mayu 1977. Akwai abin dariya a nan: fim ɗin da aka fi zargi da kashe ƙananan finafinai a gidaje 32 kawai ya buɗe, domin masu sinima ba su yi tsammanin zai yi kasuwa ba. Layin mutane ne ya tilasta faɗaɗa shi. Darasin da kamfanoni suka ɗauka daga gare shi ya wuce tikiti. George Lucas ya riƙe haƙƙin kayan wasan yara da na ci gaban labarin, kuma kamfanin Kenner ya kasa ƙera 'yan tsana da sauri har ya sayar da kwalin da babu komai a ciki sai takardar alkawari a Kirsimetin 1977. Daga nan fim ya zama tushen wata kasuwa mai rassa: riguna, kayan wasa, kashi na biyu da na uku.

A 1980 Pauline Kael, fitacciyar mai sharhi ta mujallar The New Yorker, ta rubuta doguwar maƙala tana ɗora laifin lalacewar finafinai a kan shugabannin kamfanoni masu bin lissafi. Peter Biskind, a littafinsa na 1998, ya nuna Spielberg da Lucas a matsayin waɗanda suka rufe zamanin daraktoci. Tom Shone ya mayar masa da martani a littafinsa na 2004, yana kare finafinan bazara a matsayin fasaha mai cin gashin kanta. Na fi karkata ga Kael fiye da Biskind. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Jaws fim ne mai haƙuri, rabinsa hira ce tsakanin mutum uku a cikin jirgi, kuma da wuya wani kamfani ya yarda a yi irinsa a yau da sunan fim ɗin bazara. Su ma daraktocin wancan zamani suna da nasu kason na laifi. Heaven's Gate na Michael Cimino, a 1980, ya ci kusan dala miliyan 44 ya dawo da abin da bai kai miliyan 4 ba. A 1981 aka sayar wa MGM kamfanin United Artists da ya ɗauki nauyinsa, kamfanin da Charlie Chaplin da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa a 1919 don masu fasaha su mallaki aikinsu. Bayan wannan, babu shugaban da ya sake sakar wa darakta jakar kuɗi ba tare da linzami ba.

Yanzu ga yadda lissafin ke aiki, domin a nan ne ƙaramin fim ke shan kashi. Kuɗin tikiti rabawa ake yi tsakanin mai rarraba fim da mai gidan sinima, kuma shekaru da yawa tsarin shi ne mai rarrabawa ya kwashi kaso mafi tsoka a makon farko, kason mai gida ya rinƙa ƙaruwa mako bayan mako. Ke nan kamfani ya fi amfana idan kowa ya ruga kallo a kwana ukun farko. Mai gidan sinima kuwa ribarsa ta fi fitowa daga gugguru da lemo, don haka ɗaki cike da matasa ya fi masa ɗakin da dattawa ashirin ke kallon fim mai zurfi. Gidajen sinima masu ɗakuna da yawa, waɗanda Stanley Durwood ya fara da ɗaki biyu a Kansas City a 1963, an yi zaton za su ba kowane irin fim wuri. A aikace sai babban fim guda ya mamaye ɗaki huɗu ko biyar yana farawa duk rabin sa'a. Fim ɗin da ke buƙatar wata biyu kafin labarinsa ya zaga bakin jama'a akan sauke shi a mako na biyu.

Duk da haka ƙaramin fim bai mutu ba, kuma bazarar 1989 ta isa shaida. A watan Yuni Batman ya karya tarihin kuɗin makon farko. Mako guda bayansa Do the Right Thing na Spike Lee ya fito, a watan Agusta kuma fim ɗin farko na Steven Soderbergh, wanda ya ci dala miliyan 1.2 kuma ya lashe babbar kyautar bikin Cannes a Faransa yana da shekara 26. Bikin Sundance, wanda cibiyar Robert Redford ta karɓi ragamarsa a tsakiyar shekarun 1980, ya zama kasuwar da ake farautar sababbin daraktoci. Pulp Fiction na 1994 ya haura dala miliyan 200 a duniya. The Blair Witch Project, wanda aka ɗauka da dubban daloli kawai, ya fito a tsakiyar bazarar 1999 ya tara kusan miliyan 250. My Big Fat Greek Wedding na 2002 ya bi tsohuwar hanyar nan ta a hankali, ya tara sama da miliyan 240 a Amurka ba tare da ya taɓa zama na ɗaya a jerin mako ba.

Sai dai kalmar nan "mai zaman kansa" ta fara zama ta fatar baki. Disney ya sayi Miramax a 1993, Fox ya buɗe Searchlight a 1994, kusan kowane babban kamfani ya kafa reshen ƙananan finafinai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da lissafi ya sauya, sai a 2008 Warner ya rufe rassansa biyu na irin wannan aiki, a shekarar da Iron Man da The Dark Knight suka buɗe zamanin jarumai masu ƙarfin tsiya. Abin da ya fi shan wuya tun daga nan shi ne fim na tsaka-tsaki, wanda ba ƙarami ba ne kuma ba ƙato ba, irin labaran kotu da na iyali da na soyayya da manya ke zuwa kallo. A 2013 Spielberg da kansa ya faɗa wa ɗalibai a Jami'ar Kudancin California cewa saura ƙiris fim ɗinsa Lincoln ya ƙare a talabijin.

Ita kanta bazarar sai ta rinƙa faɗaɗa har ta cinye watan Afrilu. Avengers: Endgame ya buɗe a ƙarshen Afrilu 2019 a gidaje sama da 4,600 a Amurka da Kanada, ya tara dala miliyan 357 cikin kwana uku. A ƙarshen wannan shekara Scorsese ya kwatanta finafinan Marvel da wuraren wasan yara, aka yi masa ca. Mutane da yawa sun tsaya a kan wannan kwatance, suka wuce abin da ya bayyana daga baya a jaridar The New York Times, cewa damuwarsa ita ce allunan ƙasar sun cika da irin fim guda. Yana da hujjar faɗin haka, domin nasa fim ɗin na wannan shekara, The Irishman, Netflix ne ya biya kuɗinsa. Kafin nan, a 2017, jaridar The Wall Street Journal ta ruwaito cewa Disney ya gindaya wa masu sinima sharaɗin kashi 65 cikin ɗari na kuɗin tikiti da kuma mako huɗu a ɗaki mafi girma kafin ya ba su The Last Jedi. Ga gari mai gidan sinima ɗaya da allo ɗaya, wannan na nufin wata guda babu wani fim.

Wasu ƙasashe sun ɗauki lamarin a matsayin abin da doka za ta shiga. Faransa tun 1948 take cire wani kaso daga kowane tikiti, har da na finafinan Amurka, ta zuba a asusun tallafa wa finafinan gida. Koriya ta Kudu ta wajabta wa gidajen sinima haska finafinan ƙasar kwana 146 a shekara, har zuwa 2006 da aka rage zuwa 73 yayin shirin yarjejeniyar ciniki da Amurka. Amurka kuwa ta bi akasin haka: a watan Agusta 2020, lokacin da annobar korona ta rufe yawancin gidajen sinima, wata kotun tarayya a New York ta amince da buƙatar Ma'aikatar Shari'a ta kawo ƙarshen hukunce-hukuncen Paramount, tare da wa'adin shekara biyu kafin a ɗage haramcin sayarwa a dunƙule.

Wa'adin ya cika a 2022. A watan Maris na wannan shekara kamfanin A24 ya saki Everything Everywhere All at Once a gidajen sinima 10, ya rinƙa ƙarawa mako bayan mako kamar yadda ake yi kafin Jaws. Fim ɗin ya ci gaba da zama a kan allo har cikin bazara, ya haura dala miliyan 100, ya kuma lashe kyautar Oscar bakwai a 2023. A watan Yulin 2023 kuma Oppenheimer, labarin sa'a uku a kan masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya, mafi yawansa mutane ne ke magana a cikin ɗakuna, ya fito rana guda da Barbie ya tara sama da dala miliyan 900. Kamfanin da ya sake shi Universal ne, kuma an ruwaito cewa cikin sharuɗɗan da Christopher Nolan ya gindaya kafin ya ba su fim ɗin har da a bar shi a sinima aƙalla kwana 100 kafin a kai shi gidajen mutane.