Daga Allo Zuwa Na'ura: Tarihin Zaɓen Abin Karatu a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Malami ko ɗalibin ilmi da ya tashi sayen na'urar karanta littattafai a yau yakan tambaya: wace ce ta fi? Tambayar ta girmi na'urar da ƙarnoni. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawunta a ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin a ga ma'aunin da mutanen da suka auna abin karatunsu da shi, sa'an nan a ɗora na'urorin zamani a kan wannan ma'auni.

Zamanin Allo da Takarda

An kafa masarautar Gumel wajen shekarar 1750 a hannun Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa, ta kuma daɗe tana bin Barno. Ba ta shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba. Wannan ya shafi sha'anin karatu, domin Barno ita ce cibiyar tsangaya da haddar Alƙur'ani da kyawun rubutunsa, har fatake kan kai Alƙur'anan Barno Arewacin Afirka su sayar.

A tsangaya abin karatu iri biyu ne, kowanne da aikinsa. Allo na mai hadda ne: a rubuta da tawada da alƙalamin kara, a biya har karatu ya zauna, a wanke, a sake rubuta wani. Yana jure rana da ƙura da hannun yaro, kuma kowane masassaƙi na iya yin sa. Takarda kuwa ta mai ajiya ce. Daga Italiya take zuwa ta Tarabulus, ta keto Sahara a bayan raƙumi, wadda ta fi shahara ita ce mai alamar jinjirin wata uku. Tsadarta ta sa ba a ɓata ta da koyo. Sai alaramma ya ƙware yake zuba rubutunsa a kanta, a haɗa warƙoƙin cikin tadarishi ba tare da ɗinki ba, a saka a gafaka. Rashin ɗinkin ma da hikimarsa, domin malami na iya raba littafi guda ga almajirai da dama a lokaci ɗaya.

Ashe tun wancan zamani abubuwa huɗu ake dubawa: irin karatun da za a yi, da juriyar abin karatun, da kuɗinsa, da kuma ko zai iya ɗaukar rubutun da ake bukata.

Zamanin Ɗab'i

Gumel ta shiga hannun Turawan Ingila a 1903, aka haɗa ta da Lardin Kano. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Gasar da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a 1933 ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a 1939. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya kai ƙananan littattafai ƙauyuka, shirin ilmin firamare na bai ɗaya na 1976 kuma ya ninka masu karatun boko. Daga shekarun 1980 littattafan kasuwar Kano suka bazu, masu haya suna ba da su kwana ɗaya ko biyu.

Littafin ɗab'i ya kawo karatun nishaɗi, wanda mutum zai yi shi kaɗai, cikin araha. Amma bai kori allo ba, domin bai iya aikin allo ba. Ya kuma zo da nasa ciwon: injin ɗab'i da keken rubutu sun daɗe suna fama da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ.

Na'urorin Yau a Kan Tsohon Ma'auni

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Kamfanin Sony ya fitar da na'urarsa ta karatu a Amurka a 2006, Amazon ya fitar da Kindle a 2007, Kobo ta fito a 2010. A yau mai karatu yana da zaɓi uku.

Na farko shi ne na'ura mai tawadar lantarki, irin Kindle da Kobo. Fuskarta kamar takarda take, ana karanta ta a tsakar rana, kuma caji ɗaya kan kai makonni. Wannan babbar fa'ida ce a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar inda wuta ba ta da tabbas. Sai dai tana da tsada, mai gyaranta yana da wuyar samu, kuma littattafan Hausa kaɗan ne a rumbunan kamfanonin. Littafin da aka saya a rumbun Kindle yawanci a kulle yake, ba a ba da aronsa yadda ake ba da aron na takarda. Dukansu biyu suna karɓar littafi mai tsarin EPUB, wanda rubutunsa ke daidaita da girman fuska, sai dai Kindle ta hanyar aikawa take karɓarsa. Kafin saye, wajibi ne a gwada ko haruffanta suna nuna ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da ake rubutawa a tsallaken Maigatari, cikin Jamhuriyar Nijar.

Na biyu shi ne kwamfuta mai kama da allo. Ita ta dace da mai nazarin kundin digiri ko hoton rubutun ajami, domin shafin PDF ba ya sauya girma, kuma fuska mai inci 6 ta yi masa kaɗan. Ajami yana bukatar a faɗaɗa shi a ga ɗigo da wasali da jar tawada. Aibinta shi ne shan caji da dushewa a rana.

Na uku shi ne waya, wadda ita ce ta fi yawa a hannun jama'a, kuma a kanta ake karanta ƙagaggun labaran Hausa na yanzu ta WhatsApp da Wattpad. Tana da araha da masu gyara, amma tana gajiyar da ido, saƙonni kuma suna yanke wa mai nazari tunani.

Kammalawa

Malamin da ke Kwalejin Ilmi ta Gumel, mai doguwar muɗala'a, tawadar lantarki ta fi dacewa da shi. Mai binciken ajami ya nemi babbar fuska mai launi. Mai karatun nishaɗi kuwa wayarsa ta ishe shi. Amma akwai wurin da tsohon ma'aunin ke yin gargaɗi. Magabata sun raba abin wankewa da abin ajiya, alhali na'urorin yau sun fi kama da allo: abin da ke kansu yana iya gogewa. Dandalin OkadaBooks, da ya ɗauki littattafan Hausa masu yawa tun bayan kafa shi a 2013, ya rufe a 2023. Warƙar da alaramma ya rubuta shekara ɗari da suka wuce tana nan a gafaka idan gara ta bar ta, amma labarin da ya zaga wayoyi shekara goma baya sai an sha wuya kafin a same shi. Saboda haka ya kamata sassan Hausa da ɗakunan karatu su riƙa tattara adabin da ke yawo a waya, su ajiye kwafinsa a wuri fiye da ɗaya, har da takarda.