Gayya, Tilas da Aikin Allah a Ƙasar Gaya

Aikin da talakan ƙasar Gaya ya kan yi ba tare da an biya shi kuɗi ba iri uku ne, kuma tun zamanin da mutanen karkara ba su taɓa rikita su ba, ko da ya ke masu rubutu sun sha cakuɗa su. Na farko shi ne gayya. Mai gona ya kan kira samarin gari ran noma ko ran girbi, a dama fura, a tuƙa tuwo, wani lokaci har a zo da makaɗa. Wannan rance ne, domin wanda aka yi wa yau shi zai je gonar wani gobe. Na biyu shi ne aikin sarki, watau yaɓen ganuwa, da noman gandu, da sharar hanya, da ɗaukar kayan manya. Wannan tilas ne. Na uku shi ne wanda a ke kira aikin Allah: haƙa kabari, da wankan gawa, da yaɓen masallaci kafin damina, da ciyar da almajiri, da jinyar baƙon da ciwo ya kayar a garin da ba shi da kowa. Mai yinsa ba ya jiran a rama masa, ba kuma tsoron dogari ya fito da shi ba. Abin lura ne cewa kalma guda, watau lada, ita Bahaushe ya ke kiran abin da a ke ba ma'aikaci da ita, ita kuma ya ke kiran sakamakon Lahira. Tarihin aiki na ukun nan, yawancinsa, labari ne na yadda ladan biyu suka riƙa kusantar juna.

Gaya tsohon gari ne. Labarin gargajiya ya ce daga can ne maƙeran nan Abagayawa suka taso neman tama har suka sauka gindin Dala, kuma Gaya tana cikin garuruwan da ke da sarkinsu mazaunin gari, kamar Rano da Dutse da Ƙaraye. Littafin Tarihin Kano ya sa zuwan Wangarawa da Musulunci cikin zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Shaihu Magili kuwa ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Abin da ya shafi wannan magana cikin abin da malaman nan suka kawo shi ne hukuncin farillar kifaya, wanda duk mai karatun Risala ya sani: akwai aikin da ya wajaba a kan jama'a duka, in waɗansu suka yi ya sauka daga wuyan saura, in kowa ya ƙi duk gari ya yi laifi. Jana'iza ita ce babban misalinsa. Wannan hukunci shi ya ba aikin Allah ƙarfin da gayya ba ta da shi, domin gayya tana tsayawa ga wanda zai iya ramawa, farillar kifaya kuwa ta haɗa da gawar matafiyin da ba a san sunansa ba.

Shekaru aru-aru ƙofar malami ita ce cibiyar wannan aiki. Malamin tsangaya ba ya karɓar albashi. Almajiransa su ke noma masa gona, mutanen gari su ke kai masa dami in an yi girbi, shi kuwa ya karantar, ya raba gado, ya sulhunta miji da mata, ya sauki baƙo a zaurensa. Amma fa nauyin abin ba a kansa ya ke ba. Matan aure da ke cikin gida, waɗanda kullum dare su ke ware tuwon almajiri daga tukunyar da ba ta ishi 'ya'yansu ba, su ne suka riƙe makarantun allo na ƙasar nan. Babu ƙungiyar da ta taɓa kai su yawa, babu kuma littafin En'e da ya rubuta su. A ƙasar Sakkwato Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, ta shirya irin waɗannan mata cikin tsarin 'Yan Taru, da jajinsu da malfarsu. A karkarar Kano aikin ya tafi ne gida gida.

Masu jihadi sun so su mai da wani sashe na aikin Allah aikin hukuma. Shehu Usmanu, cikin Kitabul Farƙi, ya lissafta jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin al'adun mulkin da ya ke suka, ɗan'uwansa Abdullahi kuma a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami domin sababbin masu mulki su san haƙƙin talaka a kansu. Zakkar hatsi ta zama abin da hakimai da dagatai ke tarawa. Ko nawa ne daga cikinta ya riƙa isa hannun miskini, wannan ya danganta ga halin mai tarawa. Da Turawa suka ci Kano cikin 1903, ba su daɗe ba suka narkar da zakka cikin haraji guda, wanda daga baya a ke biya da kuɗi, ya shiga Baitulmali ya zama albashin sarakuna da ma'aikata. Da yunwar Kakalaba ta faɗo cikin 1913 da 1914, abin da ya tsaya tsakanin matalauci da mutuwa shi ne rumbun maƙwabcinsa.

A zamanin nan kuma aikin tilas ya ƙaru. Da ƙarfin dagatai aka tara leburorin hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano cikin 1911, haka kuma aka ɗebi mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944. Illar wannan ta daɗe. Duk sa'ad da mai unguwa ya yi shela a fito aikin jama'a, talaka ya kan tambayi kansa jama'ar wa, sai ya ɓuya. Shi ɗin nan kuwa, in aka ce an yi rasuwa, da fartanyarsa zai fito tun ba a kira shi ba.

A nan ne maganar taimako ta fara zama maganar adalci. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano cikin Agusta 1950, ta sami karɓuwa wurin ƙananan malamai da masu sana'a, kuma Malam Aminu Kano, wanda ya tashi gidan malanta da alƙalanci, da hujjar addini ya riƙa yaƙar noman gandun hakimi kyauta da sauran aikin tilas. Abin da ya koya wa mutane shi ne su rarrabe abin da Allah ya ɗora musu da abin da ɗan'adam ya ɗora musu ya laƙa masa sunan Allah. Cikin 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Wanda ya duba da kyau zai ga wannan ya sauke wa manomin Kademi ko Toranke kaya fiye da sadakar shekara da shekaru, ko da ya ke ba a saba lissafta shi cikin aikin addini ba.

Ƙungiyoyi masu rajista da kayan sarki sabon abu ne. Mishan ɗin SIM ta karɓi jinyar kutare a lardin Kano cikin shekarun 1930, ta buɗe asibitin ido a Kano cikin 1943, manyan Musulmi kuwa sun ga yadda jinya ke jawo zuciya. Cikin 1962 Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, da Malam Abubakar Gumi suka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna. Cikin 1963 Shehu Mudi Salga ya kafa Fityanul Islam a Kano, ta tattara samarin ɗariƙa. Cikin 1978 Malam Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos. Kowace ta fitar da 'yan agajinta, da hula da ɗamara da fareti irin na 'yan sikawut. Su ke shirya sahu ran Idi, su ke tsare ƙofar tafsiri cikin azumi, su ke ɗawainiya da alhazai a sansani, su ke kai wanda mota ta buge asibiti. Yawancinsu teloli ne da manoma da 'yan tireda, kuma sau da yawa da kuɗinsu su ke ɗinka kayan. Ribar wannan tsari ita ce saurayin da ba ɗan sarki ba, ba ɗan malami ba, ya sami matsayi a gari ta hanyar hidima. Hasararsa ita ce gābar Izala da ɗariƙu, wadda ta yi zafi cikin shekarun 1980, ta raba masallatai, ta kuma raba masu hidimarsu. Farillar kifaya a kan gari ta ke, ƙungiya kuwa ta kan fara duba nata.

Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano cikin 2000, daga irin waɗannan samari ne Hisba ta fito, da farko ta sa kai. Cikin 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta yi mata doka, ta mai da ita hukuma mai ofis a ƙananan hukumomi, har da Gaya da Ajingi, ta kuma yanka wa dakarunta alawus. Cikin 2006 Gwamnatin Tarayya ta haramta ta, aka kama kwamandanta Malam Yahaya Faruku Cheɗi, amma hukumar ta wanzu. Jaridu sun fi son labarin fasa kwalaben giya. Mutumin ƙauye kuwa ya fi saninta da sulhu: matar da miji ya bari ba ci ba sha, marayan da baffa ya danne wa gona, yarinyar da za a aurar ba da sonta ba, duk su kan sami mai sauraro ba tare da kuɗin lauya ba. Wannan aikin zauren malami ne ya koma ofis. Sai dai wanda gwamnati ke biya ba ya iya tsawata wa gwamnati, shi ya sa hannun Hisba ya fi kai wa ga mai ƙaramin ƙarfi.

Zakka ma ta komo hannun hukuma. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi cikin 2003. Maƙwabciyar Gaya ta gabas, watau Dutse, wadda ta fita daga Jihar Kano cikin 1991, ta bi wata hanya: Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu cikin 2023, ya rataya tara zakkar hatsi da ta dabbobi a wuyan kwamitocin gundumomi, a raba abin da aka tara a gundumar da aka tara shi, a bainar jama'a. Manomi ya fi sakin dami in ya san bakin da zai ci. Irin wannan tsari yana bukatar sarauta mai zama daram, ita kuwa Gaya an ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya cikin 2019, an rushe ta cikin Mayu 2024, aka kuma maido ta cikin Yuli na shekarar da daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta.