Alhaji Mamman Shata da Fadar Daura

Manazarta waƙar baka sun saba kasa makaɗan Hausa gida-gida, watau makaɗan fada, da na sana'a, da na jama'a. Abin da wannan takarda za ta duba shi ne yadda Alhaji Mamman Shata, wanda ake lissafawa cikin makaɗan jama'a, ya ƙulla da fadar Daura irin dangantakar da aka fi sani tsakanin sarki da makaɗinsa.

An haifi Shata a Musawa cikin 1923. Bai gaji kiɗa ba, hasali ma mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya shiga roƙo ba. Ya yi tallar goro da alewa, ya zauna Bakori, daga bisani ya kafa gida a Funtuwa. Abin lura a nan shi ne kayan kiɗansa. Kalangu, kamar yadda mahalarta taron nan suka sani, kiɗan mahauta ne da dandalin 'yan mata. Fada kuwa tana da nata: tambari da kakaki da algaita da taushi da kotso. Makaɗin fada, alal misali Narambaɗa a wurin Sarkin Gobir na Isa, ubangida ɗaya gare shi, shi ke ci da shi, ya tufasar da shi, ya ba shi doki da muhalli, ba ya kuwa waƙar wani sai da yardarsa. Shata bai taɓa shiga wannan ƙaida ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai da direbobi da 'yan siyasa, duk da kalangun nan.

Duk da haka, Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya riƙe sarautar Wamban Daura da muƙamin minista a gwamnatin Jihar Arewa kafin ya hau gadon sarautar Daura a 1966, shi ne ya zama babban ubangidansa, waƙar da Shata ya yi masa kuwa tana cikin fitattun waƙoƙinsa. A ganina, barantakar nan ta zaɓi ce. Sarki bai ɗaure shi a ƙofar fada ba, shi kuma bai nemi sarautar kiɗa da za ta hana shi yawo ba.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Da Allah ya yi masa rasuwa a Kano cikin watan Yuni na 1999, ba Musawa aka kai shi ba, ba kuma Funtuwa ba. A Daura aka yi masa sutura, garin ubangidansa, wanda ya ci gaba da mulki har 2007.