Daga Filin Fareti Zuwa Kurmin Bama: Horon Sojan Nijeriya, 1940 zuwa 1945



Wanda ya san Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin, wanda kuma ya san Ikko ya ji sunan Dodan da Myohaung da Arakan. Waɗannan duka sunayen wurare ne na ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda sojojinmu suka gwabza da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. An sha ba da labarin gwabzawar. Abin da nake so mu duba a yau shi ne horon da aka yi musu kullum safiya kafin su tafi, domin a cikinsa ne za mu ga yadda aka mai da manomi ɗan fili ya zama mayaƙin kurmi.

Rundunar da ake magana a kanta ita ce Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897. Tun zamanin Gwamna Glover, wanda ya kafa ƙungiyar dakarun Hausawa a Ikko a 1863, Hausa ce harshen bariki, har ya zama dole hafsa Bature ya ci jarrabawarta. A 1940 aka aika da sojan Nijeriya Afirka ta Gabas, suka kori Italiya daga Mogadishu, suka bi ta har Habasha a 1941. Sauran kuwa suna gida suna gadin iyaka, saboda a lokacin wasu daga cikin ƙasashen Faransa da ke kewaye da mu, har da Nijar, suna bin gwamnatin Bishi mai ɗasawa da Jamus. Da wannan barazana ta kau a ƙarshen 1942, sai Ingila ta ga tana da dubban sojoji a hannu, ga shi kuma Japan ta ƙwace Bama a wannan shekara. Saboda haka a 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 don a kai su can.

To, a nan ne wani kuskuren tunani ya shigo. Manyan soja a Landan sun ɗauka cewa duk baƙin mutum a kurmi aka haife shi, watau ba ya bukatar a koya masa zaman daji. Alhali kuwa da yawa daga cikin kuratan mutanen Arewa ne, daga ƙasar Kano da Sakkwato da Barno da Bauci, waɗanda suka saba da sararin da mutum ke hango mahayi tun daga nesa. Kurmin da rana ba ta ratsa shi baƙon abu ne a wurinsu, balle teku. Abin da aka zaci gado ne, sai da aka koyar da shi da gumi.

Kurtu yakan fara ne a sansanin horo, kuma mafi shahara shi ne na Zariya. Tun kafin gari ya waye begila ke ta da shi, a yi gudu da motsa jiki, sa'an nan a shiga fareti. Masu kallo daga waje suna ganin lefrai wasa ne, amma manufarsa ita ce a saba wa jiki bin umurni kafin zuciya ta yi shawara, don ranar da harsashi zai yi ta shawagi. Daga nan sai darasin makami: kwance bindiga, share ta, mai da ita, harbin bara, sukan banati. Sai doguwar tafiya da kaya a baya. Kafin yaƙi sojan ƙasa ba ya sa takalmi, saboda haka sabawa da shi ma wani horo ne mai zaman kansa.

Darasi mafi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne na Turanci. Da rundunar ta kumbura, aka kawo hafsoshi da yawa daga Ingila, har da wasu 'yan ƙasar Folan, waɗanda ba su jin ko “sannu”, aka kuma ɗauki dubban mutanen Kudu a aikin tuƙi da waya da asibiti. Sai Janar Giffard, babban kwamandan Afirka ta Yamma, ya sa aka mai da Turanci harshen aiki, aka sa shi cikin darussan yau da kullum. Duk da haka Hausa ba ta bar bariki ba, domin da ita saje yake fassara wa kurtu abin da hafsa ke nufi. Cuɗanyar nan ta ƙara wa kalmomi irin su kofur, saje, samanja, fareti da atisaye gindin zama a bakin jama'a.

Mataki na gaba shi ne rawar daji a kurmin Kudu, sa'an nan a Indiya bayan makonni a jirgin ruwa. A nan aka koyi tafiya a layi ɗaya ba tari ba magana, sare hanya da adda, haƙa ramin ɓuya, ƙetare kogi, kwanton ɓauna da sintirin dare. Aka kuma tilasta shan ƙwayar maganin zazzaɓi kullum a gaban hafsa, saboda a Bama cuta ta fi harsashi kwantar da soja. Har ila yau akwai ƙungiyoyin 'yan ɗaukar kaya a ka, waɗanda su ma sojoji ne masu nasu horo. Su ne suka ba runduna ta 81 damar ratsa kwarin Kaladan a 1944, inda babu hanyar mota, jiragen sama na jefo mata abinci da harsashi. A wannan shekara birged ta 3 ta Nijeriya ta yi yaƙi cikin dakarun Chindit na Janar Wingate, abin da ya sa barikin Zariya ke ɗauke da wannan suna. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka kama Myohaung.

Kada daɗin nasara ya sa mu manta da ɗacin horon. Albashin baƙin soja bai kama ƙafar na Bature ba, hanyar zama hafsa kusan a toshe take gare shi, bulala kuwa ba a soke ta a dokar soja ba sai 1946. Ba kowa ne kuma ya shiga da son ransa ba, domin akwai waɗanda hakimai da dagatai suka miƙa don cika adadin da aka yanka musu.

Fiye da 'yan Nijeriya 100,000 ne suka sa kaki a wannan yaƙi. Waɗanda suka dawo sun zo da tuƙi da kanikanci da ɗan karatu, sun kuma zo da sanin cewa Bature ma yana jin tsoro, yana kuma mutuwa. Darasin da ke nan ga ɗalibi da ma'aikaci shi ne, gwanintar da aka yaba musu a Kaladan da Arakan a filin atisaye aka gina ta, rana bayan rana, kuma hakkinsu ne a kanmu mu rubuta tarihinsu da haka.