Yadda Shayin Sin da Cakulan Suka Gamu

Shayi da cakulan ba 'yan gida ɗaya ba ne. Shayi ganye ne na ƙasar Sin, inda wani masani, Lu Yu, ya rubuta littafi a kansa wajen shekara ta 760. Koko kuwa, wanda ake yin cakulan da shi, itacen ƙasashen Amurka ne. Mutanen Maya da Aztek sukan niƙa ƙwayarsa, su dama da ruwa da barkono, su sha da ɗacinsa.

A Turai suka gamu. A 1657 ana sayar da cakulan na sha a Landan, a 1658 kuma aka yi tallar shayi a jaridar birnin. Dukansu biyu sai mai hannu da shuni.

A 1824 John Cadbury ya buɗe kanti a Birmingham, yana sayar da shayi da kofi da koko. Shi Kirista ne na ƙungiyar Kweka, burinsa kuwa mutane su sami abin sha maimakon giya. A zamanin nan daga Sin Ingila take samun shayinta.

Amma akwai hawaye a bayan zaƙin. Don su biya kuɗin shayi, fataken Ingila suka riƙa kai wa Sinawa ofiyom, mugun abin maye. Da Sarkin Sin ya hana, aka yi yaƙi daga 1839 zuwa 1842, Ingila ta karɓe Hong Kong.

Koko ma haka. A tsibirin Sao Tome mutanen Angola ne suke nomansa cikin halin bauta. Labari ya kai wa gidan Cadbury a 1901. Suka aiki Joseph Burtt ya bincika a 1905, amma ba su daina saye ba sai 1909. Shekara takwas ke nan, aka kuwa zarge su da jan ƙafa.

Sai suka mai da hankali ga Gwalkwas, wato Gana ta yau. Can wani maƙeri da Mishan ta Basel ta koya wa sana'a, Tetteh Quarshie, ya riga ya kawo irin koko daga Fernando Po a 1879, ya shuka a Mampong. Kafin 1911 ta ƙare, ƙasar ta fi kowace fitar da koko, manoman kuwa gonakin kansu suke nomawa.

Yau a manyan birane masu kuɗi sukan haɗa shayin ulong ko fu'ar da baƙin cakulan, ɗaci bisa ɗaci. A Yamai da Agadas koren shayin Sin ne a kan garwashi. Gana da Kwaddibuwa suna noma wajen rabin kokon duniya, amma da yawa cikin manoman ba su iya sayen cakulan ɗin ba.