Abin da ya hana ƙanina zuwa jana'izar Baba

Tun rasuwar Baba watan jiya, Allah Ya jiƙansa, masu zuwa gaisuwa ke min tambaya guda: ina autanku na Amurka, kuɗin jirgi ne ya gagara? Wata gwaggonmu ma cewa ta yi matar ta shanye shi. Na gaji da bayani ɗaya-ɗaya, bari in rubuta a nan, domin maganar tana da tarihi.

Yaron karatu ya je, ya auri 'yar ƙasar. Ta cike masa fom I-130, shi kuma ya cike I-485, wato neman katin zama na dindindin ba tare da ya bar ƙasar ba. Dokar shige da fice ta 1952 ce ta buɗe wannan ƙofa. To amma wanda ya shiga da bizar ɗalibi irinsa, in ya fita kafin a yanke hukunci babu izini a hannunsa, a wurinsu ya janye buƙatarsa ke nan. Izinin da fom I-131 ake nemansa, kuma yakan ci watanni. Akwai hanyar gaggawa saboda rasuwa, amma Baba da asuba ya cika, ƙarfe biyu muka kai shi makwancinsa.

Da can ma dokar a juye take. A 1907 Ba'amurkiyar da ta auri baƙo ita ce ke rasa ƙasarta, sai a 1922 aka fara warware wannan. A 1945 aka yi wa sojojin da suka auro mata a fagen yaƙin duniya na biyu doka ta musamman, su shigo da amarensu. Da yake mijin ko matar ɗan ƙasa ba ya bin layin ƙayyadadden adadin baƙi, aure ya zama gajeriyar hanya, zargi kuma ya biyo baya.

Nan ganawar ta yi tsanani. A raba miji da mata, kowa ɗakinsa, a yi musu tambaya iri ɗaya: wane gefen gado kake kwana, me kuka ci jiya da dare, wa ke biyan kuɗin wuta. Sai wasu ma'aurata suka kai hukumar ƙara a New York, shari'ar Stokes, aka yi sulhun da ya ba mutum damar zuwa da lauya, a kuma ɗauki abin da ya faɗa. Har gobe da sunan shari'ar ake kiran irin wannan ganawa. Wallahi ni da na shekara 17 da uwargida, a tambaye ni launin labulen ɗakinmu, faɗuwa zan yi. Balle iyayenmu mata da ko sunan miji ba sa kamawa.

A 1985 hukumar ta shaida wa majalisa cewa kusan kashi 30 cikin 100 na irin wannan aure na bogi ne. Daga baya aka gano binciken ba shi da tushe mai ƙarfi, amma Reagan ya riga ya sa hannu. Auren da bai cika shekara 2 ba, katin wucin gadi na shekara 2 ake ba shi, wanda aka kama da auren bogi kuma ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda alƙaluman da aka haɗa cikin gaggawa ke zama doka. Ba na musun akwai masu sayen aure. Sai dai masu auren gaskiya ne suka fi shan wahalar.

Kuma ko izinin ya fito, jami'in filin jirgi ne ke da ta cewa ranar dawowa. In ko ya fito babu shi, sai ya sake bin layi ta ofishin jakadanci a Legas. Ba mu manta ba, a Janairun 2020 an rufe wa 'yan Najeriya bizar ƙaura, sai Janairun 2021 aka buɗe.

Ranar rasuwar ya kira ni yana kuka: "Yaya, in taho kawai?" Na kasa ba shi amsa, na miƙa wa Hajiya wayar. Ta ce, "Auta, zauna inda kake. Addu'a ba ta neman biza." Ta bidiyon WhatsApp ya ga an sallaci Baba. Ya riga ya shigar da takardar izinin, muna fatan ta fito kafin sadakar arba'in.