MBA A ƘASAR WAJE: TARIHIN DIGIRIN DA AKE SAYAR DA FILI DOMINSA

Makon jiya ƙanen wani abokina ya same ni bayan la'asar, yana nuna min a waya takardar gurbin karatu da wata jami'a a Ingila ta turo masa. MBA zai je yi, na shekara ɗaya. Shekararsa shida yana aikin banki, yana da mata da yara biyu, kuma filin da ya gada ne za a sayar a biya kuɗin makaranta. Ya ce, "Yaya, in tafi ko in haƙura?" Na ce masa ba ni zan yanke maka ba, amma zauna ka ji asalin wannan digirin, don wanda ya san dalilin da ya sa aka ƙirƙiri abu ya fi sanin abin da zai iya yi masa. Abin da na gaya masa ne na ga ya dace in rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ne ke cikin wannan lissafin ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin jirgin ƙasa da na ƙarfe da na mai a Amurka suka yi girman da mai kamfani da 'ya'yansa ba za su iya riƙe su ba. Dole a nemo mutanen da za a ba albashi su juya dukiyar da ba tasu ba. A 1881 wani attajirin ƙarfe na Philadelphia, Joseph Wharton, ya ba Jami'ar Pennsylvania dala dubu 100 aka buɗe makarantar kasuwanci da sunansa. Kwalejin Dartmouth ta buɗe makarantar Tuck a 1900. A 1908 Harvard ta fara bayar da digirin da ake kira MBA, da ɗalibai 80. Ginin makarantar ma wani mai banki ne, George Baker, ya ba da dala miliyan 5 a 1924 aka yi shi. Ka lura da masu zuba kuɗin: masu neman ma'aikata ne. Tun ran gini tun ran zane, makarantar kasuwa ce inda mai ɗaukar aiki da mai neman aiki ke haɗuwa.

Salon koyarwar ma daga nan ya samo asali. Wallace Donham, wanda ya zama shugaban makarantar Harvard a 1919, lauya ne, sai ya aro hanyar da ake koyar da lauyoyi. Ana ba ɗalibi labarin wata matsala ta gaske da ta taɓa samun wani kamfani, ya kwana yana nazari, da safe malami ya nuna shi a gaban mutum kusan 90 ya ce, da kai ne manaja me za ka yi? Har yau a can kusan rabin makin darussa da yawa daga magana a aji yake fitowa. Wannan wurin yana ba namu wahala fa. Mu an rene mu da kawaici, ba ka katse babba, ba ka yabon kanka. A can kuwa wanda ya yi shiru ana ɗauka ba shi da abin cewa ne, kuma makinsa ne zai biya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya bunƙasa. Dokar 1944 da ta ɗauki nauyin karatun sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙi ta cika jami'o'i. A 1953 kamfanin ba da shawara na McKinsey, ƙarƙashin Marvin Bower, ya fara ɗibar sababbin masu MBA kai tsaye daga makaranta maimakon tsofaffin manajoji. A 1954 aka fara jarrabawar shiga da daga baya ta zama GMAT. A 1959 gidauniyoyin Ford da Carnegie suka fitar da rahotanni biyu masu zafi, suna cewa karatun ba shi da zurfi, daga nan aka cika shi da lissafi da ƙididdiga da ilimin tattalin arziki.

A irin wannan yanayin ne kalandar MBA ta Amurka ta zauna yadda take a yau. Shekara biyu ake yi. Tsakaninsu akwai hutun bazara da ɗalibi ke yin aikin gwaji na kamar mako goma a wani kamfani, kuma sau da yawa daga wannan gwajin ake samun aikin dindindin. Neman gurbin gwajin kuwa tun watannin farko na shekarar farko ake fara shi. Wato kana sauka, ba ka gama sanin motar da ke kai ka makaranta ba, an fara tambayarka wane fanni kake so: banki, ba da shawara, ko kamfanonin fasaha. Wanda ya ce bari in fara natsuwa tukuna, kafin ya farga an rufe ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Turai ta zo da nata salon. A 1957 aka kafa INSEAD a Fontainebleau ta Faransa, da hannun Georges Doriot, Bafaranshen da ke koyarwa a Harvard, kuma suka matse karatun ya koma shekara ɗaya. Makarantar kasuwanci ta Landan ta biyo baya a 1964, ta Manchester a 1965. Indiya ta buɗe nata biyu a Kalkata da Ahmedabad a 1961 da taimakon MIT da Harvard. Yawancin MBA na jami'o'in Ingila a yau na shekara ɗaya ne. Ya fi arha, gaskiya ne, amma galibi babu wancan gwajin na bazara, ga shi lokaci gudu yake. Mai son sauya sana'a gaba ɗaya, a ce daga koyarwa zuwa banki, shekara ɗaya kan yi masa kaɗan.

Wani darasin kuma shi ne shekarar da ka gama tana da tasiri kamar makarantar da ka yi. Da bankin Lehman Brothers ya rushe a watan Satumba 2008, ɗaliban da suka shiga aji da burin aikin banki sun fito sun tarar bankunan na sallamar mutane. Ɗan ƙasa zai iya komawa gidan iyayensa ya jira kasuwa ta farfaɗo. Baƙo kuwa bizarsa ba ta jira.

To ga inda tarihin ya taɓo mu kai tsaye. Ƙofar zama a yi aiki bayan karatu buɗewa take tana rufewa da siyasar masu ƙasa. Ingila ta soke bizar aiki ta bayan karatu a 2012, lokacin Theresa May na ministar cikin gida. A Yulin 2021 aka dawo da ita, shekara biyu, ga shi dama a lokacin ɗaliban digiri na biyu suna da izinin zuwa da iyalansu. Wannan ne ya hura wutar tafiyar da 'yan kudu suka sa wa suna japa, namu ma da dama sun bi. Daga Janairun 2024 aka hana masu digiri na biyu na aji, har da MBA, zuwa da mata da yara. A Afrilun shekarar aka ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake buƙata kafin kamfani ya ɗauki nauyin bizarka daga fam 26,200 zuwa 38,700. A 2025 kuma gwamnati ta sanar za a rage shekara biyun nan zuwa wata 18. Abin dariya abin takaici, firaministan da aka hana zuwa da iyali a zamaninsa, Rishi Sunak, shi kansa ɗalibin MBA ne na ƙasar waje, a Stanford ya gama a 2006.

A Amurka mai gama digiri yana da wata 12 na aiki, idan kuma an lissafa digirin cikin fannonin kimiyya da fasaha ana ƙara masa wata 24. Shi ya sa makarantu da yawa suka sake fasalin MBA ɗinsu don ya shiga wannan sahun. Bayan nan sai bizar H-1B, wadda aka ƙirƙiro a 1990, gurbi 65,000 a shekara da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri na Amurka, kuma masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. A Satumbar 2025 Shugaba Trump ya ɗora dala dubu 100 a kan wasu sababbin buƙatun wannan bizar. Kanada ma ta ƙayyade yawan ɗaliban waje tun Janairun 2024.

Sai kuma naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya tafi da lissafin biyan kuɗin makaranta kashi-kashi daga gida, ya wayi gari kuɗinsa sun koma kashi ɗaya cikin uku. An ga ɗaliban Najeriya a Ingila a 2024 da aka cire daga rajista saboda bashi, bizarsu ta shiga haɗari. Kuma kada ka ce za ka yi aiki ka cike, awa 20 kawai doka ta yarda a mako lokacin karatu, da ƙyar take biyan haya da abinci. Manyan makarantun Amurka irin Harvard kuwa, kuɗin makaranta da na zama ya haura dala dubu 100 a shekara.

Rayuwar can ma sai an shirya mata. Rabin amfanin MBA sabo da mutane ne, sabo da maza jari, kuma yawancin haɗuwar da yamma ake yi a wuraren da ake shan giya. Musulmi zai iya zuwa ya riƙe lemonsa ya yi hira ya fita da mutuncinsa, na san waɗanda suka yi hakan. Amma wanda ya maƙale a ɗaki, ko ya tsaya cikin 'yan garinsu kaɗai, takarda kawai zai dawo da ita.

Don haka na ce wa ƙanen nan namu, kafin a kira dillalin fili ka amsa wa kanka waɗannan. Wane aiki kake nufi, a wace ƙasa, kuma kamfanonin wannan aikin suna zuwa ɗibar ɗalibai a makarantar da ta ɗauke ka? Ka nemi rahoton ayyukan da ɗalibanta suka samu, ka duba na baƙi daban. Ka yi magana da mutum uku 'yan Afirka da suka gama can a shekarun nan. Ka gwada neman tallafi, irin Chevening, amma ka sani wani ɓangare na kuɗin MBA yake biya, kuma da sharaɗin ka dawo gida shekara biyu. Sannan babbar tambaya: idan dole ta sa ka dawo wata guda bayan kammalawa, albashin naira zai mayar maka da filin a shekara nawa? Wa zai riƙe maka iyali har lokacin?

Idan lissafin ya tsaya ko da an dawo da kai, bismillah, ka tafi, ilimi ne mai amfani kuma mutane sun ci moriyarsa. Idan kuwa duk ginin ya jingina ne a kan cewa za a bar ka ka zauna, to ka tuna dokar Ingila ta sauya a 2012 da 2021 da 2024, kuma ba a shawarci ɗalibi ko ɗaya ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ya ce zai rubuta wa jami'ar ya nemi a ɗage masa gurbin zuwa baɗi, ya yi bincikensa tukuna. Filin dai yana nan. Allah Ya zaɓa masa mafi alheri, da mu baki ɗaya.